Dawar da Na Kai Maraɗi a Shekarar Fari

Daga Abuja zuwa Katsina

Na bar gidanmu a unguwar Wambai bayan sallar asuba, a bayan babbar mota mai bodin katako, ina zaune a kan buhunan dawa. A lokacin garinmu Abuja ake ce masa, bai koma Suleja ba tukuna. Shekarar farin nan ce da ya ƙarar da shanu a arewa. Yayata Halima tana aure a wani ƙauye kusa da Maraɗi, kuma mun daɗe ba mu ji ɗuriyarta ba.

Gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwa, saboda haka babu tashar da ba ta bi ta shagona. Ta Ingila ta ce yunwa ake yi a Nijar. Ta Rasha ta ce yunwar gadon mulkin mallaka ce, an sa manoma noman gyaɗa don Turawa maimakon hatsi. Tamu ta gida ta ce fari ne, kuma gwamnatinmu tana tallafa wa maƙwabta. Ta Nijar kanta kuwa ta ce an ɗan samu ƙarancin ruwan sama a wasu sassa. Na jera wa Inna su duka. Ta ce ita ba ta san mai gaskiya ba, amma in auna dawar da mudun wanda ya fi ba da tsoro.

Mun kwana a tashar Kaduna, washegari na sake mota. A Funtuwa muka tsaya cin tuwo, direba ya hango ƙaramar rediyon da na rataya, ya ce in kamo mana wadda ba ta ƙarya. Na yi ta murɗawa, yana girgiza kai, har muka faɗa kan wata mai sa kiɗan kalangu. Ya ce in bar ta a nan.

A kan iyaka

Daga Katsina na bi ta Jibiya. A ɓangaren Nijar wani jami'i dogo, mai ladabi, ya taɓa buhunan da sanda ya tambayi ko mene ne.

"Dawa ce, ranka ya daɗe. Taimako na kawo wa yayata saboda yunwa."

"Wace yunwa?"

Ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa babu yunwa a ƙasarsu, masu sauraron rediyon waje ne ke faɗin haka. Tunda babu yunwa, babu taimako. Ke nan kayan fatauci ne, kayan fatauci kuwa a ɗakin ajiya suke kwana. Na koma gindin wata ɗorawa na zauna har la'asar. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta tambayi abin da na ce masa, na faɗa mata. Ta ce tun da safe buhuna suke wucewa, kuma duk na bikin suna ne.

Na koma na ce masa na tuna, haihuwa aka yi.

"Allah ya raya," in ji shi, ya ɗaga sandar na wuce.

Maraɗi

A ƙauyen ban iske kowa ba sai tsofaffi. Su suka ce in duba bayan garin Maraɗi, inda mutane suka kakkafa bukkoki da zana da tsumma. A can na sami Halima. Sai da ta kira sunana na gane ita ce. Mijinta ya tafi cirani Kano, jaririyar da take goyo kuma an binne ta tun kafin su baro ƙauye. Na tambaye ta yadda suke. Ta ce lafiya lau, sai dai an ɗan sha wuya.

Dawar ba ta yi mako ba, domin Halima ba ta iya cin tuwo maƙwabta suna kallo.

Ina nan wata safiya na kunna rediyo na ji bushe-bushen soja. Tashar Nijar ta ce sojoji sun ceto ƙasa. Ta Ingila ta ce juyin mulki aka yi. Tamu ta gida, wadda ita ma sojoji ke riƙe da ita, ta ce an samu canjin gwamnati. Kafin azahar mai karanta labaran nan na tashar Nijar da ya saba cewa ƙarancin ruwa ya ambaci yunwa har na daina ƙirgawa. Muryarsa ba ta ko canza ba.

Komawa gida

Da aka buɗe iyaka, wadda aka rufe bayan juyin mulkin, na taho da Halima, bayan mun bar wa mijinta sallahu. Jami'in nan yana nan a kujerarsa. Ya dube ta, ya ce yunwa ce ta koro mu ko, ai aikin gwamnatin da ta shuɗe ke nan. Sannan ya tambaye ni yaya mai jego. Halima ta kawar da kai, na ce da godiya.

Mun iso Wambai ana kiran magariba. Inna ta riƙe fuskar 'yarta ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta zubo tuwon shinkafa. Halima ta ci rabi, ta waiga hagu da dama, ta ƙulle sauran a bakin mayafinta. Inna ta gani. Ta ɗauki kwanon ta sake cika shi, ta ajiye a gabanta, ta koma ta zauna.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu, na kuma gode wa tsohuwar nan mai fura, wadda ban tambayi sunanta ba.