Ranar da Na Kulle Zauren Yaya Sa'idu

Da kakar bana shekara shida ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Sa'idu, mai gyaran injin ban-ruwa a Makera ta ƙasar Dutsin-Ma. Ni ne Hamisu, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka in alƙalamin ya yi tuntuɓe a yi mini uzuri. Abin da zan faɗa yawancinsa yabon Yaya ne, sauran kuma tonon asirin kaina, domin ba za a gane girman aikinsa ba sai an ji yadda na so in rusa shi.

Sana'ar Yaya ta sa kullum yana bisa babur, yau Dabawa, gobe Barkiya ta ƙasar Kurfi. Ya sha tarar da rigimar manomi da makiyayi, ya kuma lura cewa yawancinta jinkirin labari ne. Shanu su faɗa gona da hantsi, mai gona bai ji ba sai la'asar, kafin nan maganar ta bi bakin mutum goma ta kumbura. Da manyan wayoyi suka fara shigowa ƙauyuka sai ya buɗe zaure a waya, inda ake aika saƙon murya, tunda ba kowa ke iya karatu ba. Makiyayin da shanunsa suka yi ɓarna shi zai fara magana da bakinsa, ya faɗi gonar wane ce, kafin kowa ya faɗa. Wanda ya riga ya kai ƙarar kansa, ba a cika ɗaga masa sanda ba.

Abin da ya bambanta Yaya da sauran masu buɗe zaure shi ne bai yarda a tara kowa wuri ɗaya ba. Kowane gari da zaurensa, kowane zaure da admin biyu, wato masu kula da shi, manomi ɗaya makiyayi ɗaya, kuma ba a saka mutum ko a cire shi sai su biyun sun yarda. Da zaure ya tsaya da ƙafarsa sai Yaya ya sauka daga admin ya koma ɗan kallo. A na Makera kaɗai ya riƙe. Na taɓa ce masa, "Yaya, kai ka gina gida, ka kuma miƙa wa baƙi makulli?" Ya yi dariya ya ce, "Hamisu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni me na sani game da burtalin Barkiya da Buba bai fi ni sani ba?" Buba shi ne makiyayin da ke admin a zauren Barkiya.

Yaya mutum ne mai son sauraron rediyo, kuma yakan gwada zaurukan nan da mulkin ƙasa. Yakan ce wanda kuka zaɓa, in ya juya muku baya, sai kun jira shekara huɗu. Admin kuwa in ya yi zalunci, kafin azahar mutane sun fice sun buɗe wani zauren, sun bar shi yana mulkin bango. Amma bai ruɗi kansa ba. Yakan ƙara da cewa zaure ba shi da alƙali, ba shi da ɗan sanda, kuma ana fita daga zaure amma ba a fita daga gari, gonarka tana nan kusa da ta wanda ka ɓata wa. Saboda haka a ganinsa zaure ba zai maye gurbin mai unguwa ko hakimi ko ƙaramar hukuma ba. Aikinsa kawai ya kashe wuta tun tana ƙarama.

Da ya rasu, wayarsa ta faɗo hannuna. Maimakon in cire layin in ba matarsa, Hajiya Rakiya, sai na ci gaba da amfani da shi. Duk saƙon da na aika, sunan Malam Sa'idu ne ke fitowa a wayoyin mutane. Da farko na ce wa kaina don riƙe zumunci ne. Gaskiyar magana, daɗi na ji. Mutanen da ba su taɓa tambayata ra'ayi ba suka koma jiran abin da zan ce.

Da zaɓe ya ƙarato, wani ɗan takarar kansila ya zo har ƙofar gida yana ce mini "ranka ya daɗe, mai zaure." Kalmar nan ta shige ni. Ya ce ai ɓarna ce a bar jama'a a warwatse, gara a haɗa su wuri ɗaya ƙarƙashin shugaba ɗaya. Sai na buɗe abin da na kira Babban Zaure, na aika da layin Yaya cewa kowa ya dawo nan, a rufe ƙananan. Mutanen Dabawa suka ƙi, suka ce ba haka marigayi ya bar su ba. Na Barkiya suka bi, don kunyar sunan da suka gani. Da wasu suka fara sukar ɗan takarar, sai na kulle zauren yadda ba mai iya aika saƙo sai ni. Ina ganin na yi dabara.

Ana cikin haka, dawa ta nuna ba a kai ga yanka ba, shanun Buba suka tsinke suka faɗa gonar wani dattijo a Barkiya. Buba ya ciro waya don ya kai ƙarar kansa kamar yadda aka saba, ya danna, zaure a kulle. Ya kira layin Yaya, ni kuwa ina wurin taron siyasa a Dutsin-Ma, na ga kiran na ce ya jira. Kafin ya kora shanun ya isa gidan mai gonar, labari ya riga shi, kuma an ce da gangan ya sake su. 'Ya'yan dattijon suka tare shi a hanya suka karya masa hannu. Washegari rugage biyu suka fara ɗaure kaya za su tashi, matasan gari kuma suna cewa su tashi mana. Zaman da aka yi tun kakanni ya kusa ƙarewa a kan maɓalli ɗaya da na danna.

Hajiya Rakiya ce ta aiko a kira ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hamisu, zanen aro ba ya rufe katara. Yayanka yana kwance, kai kana yawo da bakinsa. Ba ni layin mijina." Na cire na ba ta.

Ba ni na gyara ɓarnar ba. Admin biyu na Dabawa, waɗanda na kira masu taurin kai, su suka hau babur suka je Barkiya, suka zauna da mai unguwa da ardo, suka sake buɗe wa garin zaurensa. Dattijon ya yi magana a ciki, Buba ya yi, kowa ya ji da kunnensa. Rugage suka kwance kaya. Babban Zaurena kuwa ya watse cikin kwana biyu, aka bar ni da ɗan takarar, shi ma daga baya ya fice.

Na je Barkiya na sami Buba a ƙarƙashin wata tsamiya, hannu a ɗaure. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Malam Hamisu, da sunan wa ka zo yau, naka ko na Sa'idu?" Na ce nawa. Ya ce, "To naka ba mu san shi ba tukuna. Ka shigo zaure da layinka, ka faɗi abin da ka faɗa mini kowa ya ji." Na ce a saka ni. Ya ce, "Ni na yarda. Saura manomi." Mako uku manomin ya bar ni ina jira, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da aka saka ni na aika saƙon murya mafi nauyi a rayuwata.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Zauruka sun yi yawa, na 'yan kasuwa, na 'yan siyasa, na masu yaɗa jita-jita da hotunan da ba a san asalinsu ba. Na san waɗannan za su ɓata masa rai. Zai kuma ga cewa ciwon son mulki bai tsaya a kan masu manyan kujeru ba, duk wanda aka ba maɓalli yana iya kamuwa, ko da jama'arsa ba ta cika rumfa ɗaya ba. Amma ina jin zai yi murmushi in ya ji garuruwan da bai taɓa takawa ba sun ɗauki tsarin admin biyu, wasu har sun ƙara mace a matsayin admin ta uku saboda matan da ke tallar nono.

Yawancin waɗanda ke cikin zaurukan nan yanzu ba su san sunan Sa'idu ba. Da can wannan yana ƙona mini rai, yanzu shi nake alfahari da shi. Mutane da yawa sun gina abin da ya mutu ranar da suka mutu. Yayana ya gina abin da ya jure rashinsa, ya kuma jure ƙaninsa. Hannun Buba har yau ba ya miƙewa sosai, kuma duk lokacin da muka haɗu, da hannun nan nake gaisawa. Allah Ya haskaka kabarin Yaya Sa'idu, ni kuma Ya yafe mini abin da na yi da sunansa.