Duro Uku na Koren Ruwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan Auta yana aiki a wurin tace ruwan kwata na garinsu. A unguwa Mai Kwata ake ce masa, kuma amsawa yake. Duk ruwan wanki da na banɗaki da ya fito daga gidaje wurinsa yake ƙarewa, cikin manyan kududdufai uku. Na farko baƙi ne mai wari. Na biyu ruwan toka. Na uku kore shar, daga shi ake buɗe ƙofa ruwa ya gangara rafi, inda masu lambu ke ban ruwa.

Aikinsa ya kwashe leda da tsumma daga ragar ƙarfe da manjagara, ya sare ciyawar gefe, ya duba launin ruwa. Bai yi karatun abin ba. Amma ya san gansakukar da ke sa shi kore ita ke gyara ruwan, kuma in kwaɗi na kuka a na uku, to lafiya lau.

Sai aka kawo sabon manaja, ana saura kwana uku masu duba aiki su zo. Ya tsaya bakin na uku ya yatsine fuska.

"Wannan kuke sakar wa mutane? Kamar fenti."

"Ranka ya daɗe, koren shi ne lafiyarsa," in ji Auta.

"Ni na yi karatun ko kai?"

Ya ce gobe a zuba buhunan kulorin, farin garin nan da ake sa wa tankin ruwan sha. Da la'asar Auta ya tura baro gidan yayarsa mai wankau, ya ari duro uku. Ɗaya bayan ɗaya ya dawo da su cike da koren ruwa, ya jera a tsakar gida inda rana ke duka.

"Auta, kashin garin nan ka kawo min gida?"

"Na kududdufi na uku ne, Yaya. Ya fi ruwan wankinki tsafta."

"To sha mu gani."

"Na ƙoshi. Ke dai kar ki rufe, rana yake so. Iri ne."

Aka zuba magani, ruwa ya yi garau, masu duba aiki suka zo suka yaba suka tafi. Kwana biyar kududdufin ya koma baƙi ƙirin, maganin ya kashe gansakukar. Kwaɗi suka mutu suka taso ciki sama, wari ya kai har kasuwa. Dole aka kulle ƙofar rafi, masu lambu suka fara sintiri suna cewa shukarsu na bushewa. Manaja ya ce sakacin Auta ne. Ya ba shi sati biyu ya gyara, ko ya ajiye makulli ya kama gabansa.

Auta bai yi gaggawa ba. Kullum sai ya durƙusa ya shinshina ruwan, sai da ya daina jin ƙaurin maganin sannan ya turo durorin ya juye a gefen da rana ke fara bugawa. Sati ya wuce ba labari. Ko abinci ba ya iya ci sosai. Ran kwana sha ɗaya kore ya fito a bakin ruwa, siriri kamar zare. Ran sha uku ya rufe rabin kududdufin, wani kwaɗo ya yi kuka daga cikin ciyawa.

Manaja ya zo ya duba, hannu a aljihu.

"Ka gani ko? Sai yanzu maganin ya fara aiki."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To buɗe musu ƙofar."

Auta ya buɗe, ya mayar da makulli aljihunsa. Har yau a can yake aiki.

Da ya mayar da durorin, yayar ta wanke biyu, ta tura masa na ukun da ƙafa.

"Koma ka ciko wannan. Wa ya san irin manajan da za su kawo gaba?"

Yana nan kusa da igiyar shanya, kore shar. Duk wanda ya kawo wanki ya tambaya, sai ta ce kayan aikin ƙaninta ne, kar a taɓa.