Wanda Ya Ɗanɗana Kwalbar Maman Rahila

Har gobe ba zan manta da wata ranar Talata ba, lokacin ina ƙaramin duba-gari a Birnin Kudu. Ƙara aka kawo daga garin Sara: an sayi farin ruwan inabi na kwalba, irin mai arhar nan, a shagon Maman Rahila don walima, baƙi suka ji tsami suka ce giya ce. Matar 'yar Filato ce, a garin ta tsufa. Kafin mu isa, jama'a sun cika ƙofar shagon.

Ƙa'idar aiki ita ce mu ɗauki kwalba mu aika Dutse a gwada, sakamako kuwa sai ya yi makonni. Na dubi fuskokin da ke waje, na san shagon nan ba zai kai magariba ba. 

Shugabanmu ya ce a ɗanɗana a gaban kowa. To, wa zai ɗanɗana? Duk muka juya ga Bitrus, abokin aikinmu.

"Ni?" in ji shi. "Yallaɓai, tunda aka haife ni ban taɓa sa giya a baki ba. Ina zan gane ta?"

Kunya ta kama ni. Shekaru muna ofis ɗaya, ashe zato kawai nake yi cewa tunda Kirista ne yana sha. Maman Rahila sai nuna rubutun jikin kwalbar take, babu mai kallo.

Sai Alhaji Sale direbanmu, wanda ke jan mu salla a ofis, ya ce, "Miƙo nan."

Ya zuba a kofi, ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar.

"Inabi ne da tuffa, an tsinka da ruwa, sukari ya yi yawa. Rana ce ta buge shi. Ba shi da daɗi, amma ba giya ba ce."

Wani ya ɗaga murya: "Alhaji, kai a ina ka san ta?"

"Shekara tara ina shanta a Legas kafin Allah Ya shirye ni. Akwai wanda ya fi ni saninta a nan?"

Jama'a suka fara sulalewa. Daga baya sakamakon Dutse ya gaskata shi.

Ranar na gane cewa a aikinmu takarda ba ta ceton mutum a kan lokaci, sai an sami mai sadaukar da mutuncinsa. Da la'asar Alhaji Sale ya laɓe a sahun baya, kansa a ƙasa. Shugabanmu ya kamo hannunsa ya kai shi gaba ya ja mu salla.