Jinin Da Aka Kai Wa Malam

Inna ta dawo daga Yamai ba tare da mafitsararta ba. Ciwon daji ya cinye ta, aka cire, aka yanko hanjinta aka ɗinka mata wata, aka haɗa da hanyar fitsarinta ta asali. Ita ta zaɓi haka. An ce mata akwai aikin da ya fi sauƙi, a huda ciki a manna jaka, ta ce ba za ta tsaya gaban Ubangiji da fitsari rataye a jikinta ba.

Sabuwar mafitsarar ba ta gaya mata ta cika. Sai ta kewaya ta tsuguna, ta danna mara da hannu. Haka ta saba, har ta koma suyar ƙuli-ƙuli tana aikawa kasuwar Sae Sabuwa. Ƙanena ne ya yi jinyarta a Yamai, shi lokotoron asibiti ya gaya wa cewa ciwon na iya dawowa ta hanyar da aka bari, in an ga jini a kawo ta maza. Da zai tafi Agadas neman aiki, abin da ya bar mana shi ne a riƙa lura da ita.

Ni ce ɗiyar fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona in tana magana, balle ta faɗa mini abin da ke ƙarƙashin zanenta. Da damina ta kankama na ga azahar ta wuce, la'asar ta wuce, butarta a bushe. Washegari ma haka. Na kasa tambaya. Na je wajen ƙanwarta, wadda muke ce wa Inna Ƙarama.

Ta yi dariya ta ce, "Ke dai bari. Tsohuwarki ta koma budurwa, al'ada ta dawo mata. Saura mu nemo mata miji."

Na ce, "Inna Ƙarama, a wannan shekarun?"

"Mi kika sani ke? Mun aika wa malam ta bakin matarsa. Ya ce ta ƙirga kwanakin da ta saba, ta yi wanka ta ci gaba da salla."

Malam ya amsa abin da aka tambaye shi. Ba wanda ya ce masa an taɓa yi mata aiki a wurin. Duk daminar nan maganar jinin maganar salla ce: yau za ta yi, gobe ba za ta yi ba. Ina kai mata tuwo, ina ganin tsummokaran da ta shanya bayan rumbu inda take zaton ba a gani. Mu gaisa, in ajiye kwano, in fito.

Sai ranar da fitsarin ya ƙi fita sam, mararta ta kumbura, muka ɗora ta a amalanken jaki zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai mu Maradi. Lokotoro ya sa mata roba, ya duba, ya ce ƙari ne ya toshe hanyar, kuma ya daɗe. Ya ce sai a koma Yamai a cire hanyar duka, a manna jakar, ko da hakan ma ba ya iya yi mana alkawari.

Inna ta juya wajen ƙanwarta ta ce, "Tambaye shi, jakar tana tsayawa lokacin salla?"

Ya ce ba ta tsayawa, amma malamai sun ce lalura ce, sallarta ta yi.

Inna ta ce a miƙo mata mayafinta, gero ya nuna a gona kuma ba kowa a gida. Inna Ƙarama ta yi ta roƙo har bakin tasha. Ni ina biye da su, riƙe da ledar da robar ke zuba a ciki, na lulluɓe ta da gefen zanena.

Inna ta rasu kafin a gama ɗaure dammunan gero.