Hoton Yaya Umaru da Kyamara Ta Ƙi Kamawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Umaru, wanda mutanen Wurno suka sani da Umaru Mai Hoto. Har yau ƙaramar kyamararsa, wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba, tana cikin akwatina.

Manomin albasa ne a fadamar da ake ba ruwa daga madatsar Goronyo, amma ranakun kasuwa yakan hau babur ya bi ƙauyuka yana ɗaukar mutane. Bai yarda da hoto mai hazo ba. Shi ya koya mini: ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka ba rana baya, ka riƙe numfashi, ka danna maɓalli rabi har ɗan akwatin nan kore ya zagaye fuskar mutum, sannan ka ƙarasa. In rana ta take, ka kai mutum inuwar bishiyar bedi, kada idanunsa su zama ramuka. In akwatin bai fito ba, kada ka ɗauka.

Wata ranar Laraba da hantsi, bayan an cire albasa, ya miƙo mini kyamarar a bakin magudanar ruwa. Ya ce shi mai ɗaukar kowa ba shi da hoto ko guda. Ya tsaya tsakanin abokan nomansa biyu, buhuna jere a bayansu. Na yi duk yadda ya koya mini. Akwati ya kama na dama, ya kama na hagu, ya tsallake shi. Na sake, har sau huɗu. Na ce su biyun su matsa, ya rage shi kaɗai. Kyamarar ta yi ta lalube, ta kama buhu.

"Mi kag gani?" in ji shi.

Na ce ba komai, na danna. Ya karɓa ya daɗe yana duba. Zaren bakin buhu ya fito ɗaya-ɗaya, haka ɗinkin hularsa. Fuskar ce kawai ta narke kamar an shafa mata ruwa.

"Hannunka na rawa, ƙanena," ya ce, ya yi dariya. Mu duka mun san ba hannuna ba ne. Bai sake neman a ɗauke shi ba. Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu isa asibiti da shi rai ya yi halinsa.

Na sa an wanko hoton, na nuna wa wani mai gyaran kyamara, ya ce inuwar hula ce ta ruɗa ta. Mai yiwuwa. Ajali na Allah ne, ban ɗora wa ƙarfe sanin gaibu ba. Amma ban sake kunna ta ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da wayoyin yau, masu goge tsagar gado da tabon ƙuruciya su bar mutum sumul. Bara ɗiyarsa Hauwa, wadda ya bari tana rarrafe, ta ce mini, "Baffa, ƙaƙa kamannun Baba?" Na ba ta hoton nan. Ta ɗauke shi da waya, ta sa shi a wata manhaja mai gyaran tsoffin hotuna. Fuska ta fito tas, da idanu masu kallon mutum, ƙarƙashin hular yayana. Uwarta ta leƙa, ta kife wayar kan tabarma.

"Wanga ba shi ba ne. Goge shi."

Daga ƙauyen Marnona har Maikujera akwai ɗakunan da hotunan da ya ɗauka ke rataye, na tsofaffin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsu sai shi. Na kai Hauwa gida uku ta gani. Ba wanda ya ɗaure fuska a cikin hotunan, har waɗanda aka sani da zafin rai. Na ce mata ta duba da kyau, duk wannan sakin fuskar ubanta ake yi wa. Allah Ya jiƙan Umaru, Ya haskaka makwancinsa.