Wa Zai Ciyar da Adda, Maigida?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Maris, 1979, Allah Ya karɓi ran maigidana, Malam Ƙasimu Njidda, mahaucin nan na unguwar Briqueterie da ke ciyar da namun ɗan gidan dabbobin bayan gari. A hawan tudun Tsinga ya faɗi, yana tura pus-pus ɗinsa, wato amalanken hannu, da kaya a kai, kafin a iso da shi gida rai ya yi halinsa. Tun da aka kawo ni gidanka, Maigida, ban taɓa kiran sunanka ba. Yau ga shi na rubuta shi.

Ba don yabo kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Adda, zakanyarka, yunwa tana kashe ta a keji, ni kuwa ina takaba, iyakata ƙofar ɗaki. Hankalina ya tashi, ban san wa zan gaya wa ba in ba kai ba.

Matasan yanzu sun ɗauka wurin nan haka ya tsiro. Wani Bature maharbi ne ya kafa shi tun kafin samun 'yancin kai, da 'yan birai, da kada ɗaya, da wata jimina mai baƙar zuciya. Da ya tashi komawa ƙasarsu ya kwashe bindigoginsa ya bar dabbobin. Masu cin ayaba da ganye ba su sha wuya ba, garin nan ba ya rasa ayaba. Masu cin nama ne suka shiga uku. Kai kuwa ba abin da ya kai ka wurin sai kallo, ranar Sallah, kana saɓe da 'yarmu Zara a wuya. Ka ga kura tana lasar ƙarfen keji, ka dawo gida ka kasa cin tuwo.

Kai ka tuna da mushe. Shanun da ake kawowa daga arewa, kullum akwai wadda za ta mutu a hanya kafin wuƙa ta same ta, mahautanmu su ja ta bayan kwata su binne. Ka je ka tambayi Liman, ya ce ba laifi a bai wa dabba. Shi ke nan, ka nemo pus-pus. Sai dai ka manta da halin mutanenmu. Mahaucin da aka gani da mushe, ko sau ɗaya ne, an gama sayen namansa. Ka ware wuƙaƙe, ka ware riga, kana wanka da sabulu kafin ka taɓa teburinka, duk a banza. Mata suka riƙa wuce ka da kwanukansu kamar ba su san ka ba. A masallaci ma akwai masu ɗan matsawa idan ka shiga sahu. Na yi mita har na gaji, kai ko a jikinka. Ka bar wa ƙanenka teburin, ka ce ai su ma can baki gare su.

Sannan aka kawo Adda. Makiyaya ne suka kashe uwarta a daji, suka sako ta a taragon shanu, ba ta fi kyanwa ba. Cikin rigarka ka shigo da ita, kana murmushin nan naka na wanda ya san za a yi masa faɗa. Ni na shayar da ita madara da tsumma, a kan tabarmar nan da nake zaune yanzu. Zara ce ta raɗa mata suna Adda, wato yaya da Fulatanci, ta ce ta samu yaya. Sai da ta cinye wa maƙwabciyarmu Karimatu agwagi biyu aka mayar da ita keji, kana ba Karimatu haƙuri kana danne dariya.

Ina yaron Briqueterie da bai ga kada a dalilinka ba? Kowace Sallah kana gaba suna biye da kai cikin sababbin kaya, kana gaya musu sunan kowace dabba da Hausa da Fulatanci. Shekarar da biri ya fizge hular Ladan ya haye da ita saman keji, kai ka tsaya kana lallashinsa da gyaɗa har la'asar. Da ruwa ya ci bangon ramin kada kowa ya gudu, kai ka tsare ɓarakar da buhunan yashi. Ba ka taɓa kwana biyu a jere ba ka je ba, ko kana zazzaɓi.

Shekaranjiya Mohaman mai gadin wurin ya zo, ya tsaya daga bayan labule. Ya ce, "Inna, sannu da haƙuri. Kura dai ta mutu. Adda ba ta iya tashi, fata da ƙashi. Likitan dabbobi ya ce in nama bai zo ba, gara harsashi, wahalar ta yi yawa." Na ce ya je kwata mana. Ya ce, "Na je, Inna. Sun ce ba su san ni ba."

Na aika wa Sarkin Fawa Bello, ya ce a gaishe ni. Na aika wa ƙanenka, wanda yake cin abinci da teburinka, ya ce shi yana da suna da zai kare. Zara tana Garwa da tsohon ciki. Waɗannan mutane sun cika ƙofar gida ranar jana'izarka, kowa yana faɗin tausayinka, na ji su da kunnena. Jiya kuwa saniya ta mutu a tasha, suka haƙa rami suka binne ta sukutum. Da labarin ya iso ni na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Ina jin haushinsu, ba zan ɓoye ba. Ban roƙi kowa naman yanka ba. Abin da suke turbuɗewa a ƙasa nake roƙo, da mutum ɗaya mai ƙafa da zai tura shi ya haye Tsinga.

Allah Ya jiƙan ka, Maigida. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya tausaya maka kamar yadda ka tausaya wa bayinSa marasa magana. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Dada Hansai, da Zara da mijinta, da ƙannenka, da mahautan Briqueterie da Ekoudou duk da abin da ke raina. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Na tambayi Liman, ya ce mai takaba tana iya fita da rana idan lalura ta kama. Dada ta ce in na fita na zubar maka da mutunci a unguwa. Na jira mazan garin nan har na gaji, Adda kuwa ba ta da sauran jira. Gobe da hantsi zan yafa mayafina in nufi bayan kwata. Ka yafe mini wannan fitar, Maigida.