Zuciyata Ba Ta Hagu

Jama'a, yau a asibiti lokotoro ya nemi zuciyata ya rasa!

Kun san tun da sojoji suka hau mulki aka rufe gadar kan iyaka, a kwale-kwale nake tsallaka kaya Malanville. Matata ta matsa sai na je an yi mini bilan, a duba jikina duka ko da ba na ciwo. Na tafi ban karya ba, kamar yadda ma'aikatan asibitin suka ce. Aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka ɗibi jini, aka karɓi fitsari.

Sai lokotoro ya ɗora abin saurarensa a ƙirjina ta hagu. Shiru. Ya matsa ƙasa. Shiru! Fuskarsa ta canza.

Na ce, "Lokotoro, lafiya?"

Ya ce, "Malam, dakata tukuna."

Ya koma dama, sai ya yi ajiyar zuciya. Aka ɗauki hoton ƙirjina. Wallahi zuciyata a dama take! Ya ce halitta ce, ba ciwo ba, wani lokaci ma gado ne. Ya tambaya ko mahaifina yana raye.

Nan na tuna da rasuwarsa. Ina ƙarami aka tsamo Baba daga kogi. A gabana Kawu Sani, yayan innata, ya kara kunne a ƙirjinsa, ya ce ya cika. Kafin la'asar an binne shi.

Yanzun nan na kira Kawu. Na ce, "Kawu, ranar nan wane gefe ka saurara?"

Ya ce, "Hagu mana, ɗana. To ina kuma zuciya take?"